Ciyayyar Hambali a Alƙahira

Malam Hambali mutumin Kwandiko ne, cikin ƙasar Gwaram, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya iya cin abinci shi kaɗai. Ba ciwo ba ne, sabo ne, shi kuwa sabo turken wawa. A ƙofar gidansu ya taso ana ciyayya: magidanta su fito da kwanukansu, a shimfiɗa tabarma, a haɗu a kwano ɗaya, in an gama a jawo na gaba. Ko miyar ba ta yi ba, ai hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Mutuwa da ci-rani suka yi ta tsince mutanen tabarmar har ya rage daga shi sai Yunusa, ɗan wan babansa. Tunda suke, bai taɓa riga Yunusa sa hannu a kwano ba, ko da yunwa za ta kashe shi.

Da noma ya daina riƙe gida sai ya koyi tuƙi a tashar Birnin Kudu. Daga nan wani ya yi masa hanya zuwa ƙasar Larabawa, yana jan tankar ruwa. A can ya san kaɗaici. A gaban mota yake cin abinci, ba mai ce masa ci, ba wanda zai ce wa. Ya rame, ba don rashin abinci ba.

Duk hutun da zai zo gida, jirgi kan ajiye shi a Alƙahira ya wuni yana jiran na Kano. Wani ɗan kasuwa ya nuna masa ɗakin hutun da ake biya da awa: kujeru masu laushi, wurin wanka, intanet, ga abinci jere kowa ya ɗebi son ransa. Hambali bai ga kujerun ba, abincin ya gani da mutane. Ya ce a ransa, yau ga ciyayya! Ya cika faranti, ya kwaso cokula, ya ajiye a tsakiyar teburin wasu baƙi ya ce, "Bismillah." Wani ya ɗago daga kwamfutarsa ya yi murmushi ya janye kofinsa. Wata ta ɗauki jakarta ta sake wuri. Ɗaki cike da mutane, kowa da farantinsa sai ka ce masu gaba. Amma bawan Allah bai daddara ba, duk shekara sai ya biya ya sake gwadawa.

Tafiyar bana daban ce. Nasiha, 'yar Yunusa, ta kira shi ta ce an dawo da babanta daga asibiti, ya ƙi cin komai, likita kuwa ya ce magani ba ya aiki a cikin da ba abinci. Hambali ya nemi hutu ya taho, tsoro ɗaya a ransa: kada ya isa ya tarar an naɗe tabarma.

A ɗakin hutun bai ce wa kowa bismillah ba. Ya zuba shinkafa da nama, ya nemi lungu, ya jingina waya da kofi, ya kira Nasiha ta bidiyo. Da fuskar Yunusa ta fito sai ya ji ƙwalla, don idanu kawai suka rage.

"Yaya, ga abinci a gabana yana hucewa."

"To ka ci mana," in ji Yunusa da ƙyar.

"Yaushe na fara riga ka? Tun jiya ban sa komai a cikina ba. In ka ga dama ka bar ni da yunwa a garin mutane."

"Hambali, har ka tsufa ba ka bar rigima ba."

"Nasiha, miƙo masa kunun nan."

Yunusa ya daɗe yana kallon ludayin. Can ya yi bismillah ya kurɓa. Hambali ya kai loma. Yunusa ya sake kurɓa, Hambali ya sake kaiwa, suna yi suna tsegumin damina, wane ya yi latti da shuka, wane ya sayar da sansa. Bai taɓa jin daɗin abincin ɗakin nan ba sai ranar. Ba su yi nisa ba hoton ya tsaya cak, intanet ɗin Kwandiko ya yi halinsa. Ya kira, ya sake kira, shiru.

Ya zauna da cokali a hannu har awanninsa suka cika. Ma'aikaciyar wurin ta zo kwashe kwanuka, ta nuna farantin tana tambaya da hannu ko ya gama. Sai a lokacin ya duba. Gefensa kawai ya ci, ya bar ɗaya gefen yadda ya zubo shi, har da tsokar naman da ta fi girma, wadda ya tura wa Yunusa can. Ya gyaɗa mata kai, ya ɗauki jakarsa ya fita wajen kujerun ƙarfe na masu jiran jirgi, yana ta kiran Nasiha.