Kwal a kaskon Inna

Inna ta zo Manchester ne don jegona, kuma tun daga filin jirgi take mita: sanyi, gidaje a manne da juna, ba tsakar gida. Abu ɗaya ta ƙi bari, turaren wuta. Kullum da hantsi sai ta ɗora gawayi a kan gas, ta kwashe a kasko, ta turara ni da jaririya har mu yi tari.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani tsohon Bature a unguwarmu ta Gorton, ba mata, ba ɗa. Shi ya fara gaya mini cewa ƙarƙashin unguwannin nan duk ramuka ne. Yana saurayi ya yi aikin haƙar kwal a nan kusa, shi da wansa, har ranar da rami ya rufta da wan. Daga baya aka rufe mahaƙar, aka cike bakinta. Yau filin ƙwallo ne da manyan kantuna a wajen. Abin da ya rage masa dunƙulen kwal ɗaya ne, daga inda wan ya yi aikinsa na ƙarshe, yana ajiye da shi cikin hankici. Ya taɓa nuna mini, ko riƙewa bai bari na yi ba.

Shi da Inna kuwa jininsu ya haɗu. Ba ta jin Turanci, ba ya jin Hausa, amma tana miƙa masa tuwo ta kan katanga, yana ce mata "sannu" har a wurin ban kwana.

Ranar da abin ya faru na kai jaririya wajen likita, gawayi kuma ya ƙare. Inna ta sha jin muna ce wa gawayi cakol da Turanci, sai ta riƙe wutsiyar kalmar kawai, ba ta san kol kwal ake nufi ba. Ta leƙa katanga ta miƙa hannu tana cewa, "Kol? Kol?" Shi kuma, Allah sarki, ya ɗauka na ba ta labarin wansa ne tana son gani. Ya ɗauko dunƙulen kwal ɗin cikin hankicinsa ya miƙa mata da hannu biyu. Ta yi godiya ta shige, ya tsaya yana jira.

Tun daga ƙofa na ji wani wari mai ɗaci. Na tarar da Inna a bayan gida tana fifita kasko tana faɗa.

"Wane irin gawayi ne wannan, kamar dutse? Sai da na sa guduma, kuma da ƙyar ya kama!"

Na ga hankicin a ƙasa. Na yi mata ihu, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, kin san abin da kika ƙona kuwa?"

Ina gaya mata, ta saki maficin. Ta yi salati ta nufi famfo za ta ɗebo ruwa, sai tsohon ya ɗaga hannu daga kan katanga. Ashe tun da hayaƙin ya tashi yana tsaye yana kallo. Ya ce a bar kwal ɗin ya cinye. Ya zagayo ya zauna a kan bokiti gaban kaskon, yana shaƙar hayaƙin da mu muke gudu. Ya ce haka layinsu yake wari da safe, lokacin yana yaro.

Inna ta durƙusa a gabansa, da girmanta da ciwon gwiwarta, tana kuka.

"Ki ce ya yafe mini. Ki faɗa da kyau, kar ki rage. Ki kuma tambaye shi inda aka binne wan nasa, ko ƙasar wurin ce mu je mu ɗebo masa."

Na faɗa duka, ban rage ba. Ya ce ba a fito da wan nasa ba, yana nan ƙarƙashin ƙasa. Ya nuna kaskon ya ce wannan ne kawai.

Inna ta ja zanina.

"Me ya ce? Da nisa ne?"