Ɗumin da Abu Ratib ya kai gida

Duk unguwar Marka a birnin Amman an san Abu Ratib mai gyaran famfo. Da sanyi ya kawo kai, shi ake nema ya cire tsohuwar tukunyar ɗumama gida ya kafa sabuwa, ya ja bututun ruwan zafi ɗaki-ɗaki. Gidajen mutane ɗumi kamar cikin bargo. Nasa kuwa? Wani rishon kananzir ne mai hayaƙi, shi matarsa Wasfiyya ta rungume tun tana amarya.

"Malam mai ɗumama gari," takan ce tana tari, "mu a gari muke ko a bayan gari?"

"Baɗi, Ummu Ratib. Wallahi baɗi."

"Baɗinka ya yi furfura."

A sana'arsu, tsohuwar tukunyar da aka cire ta mai aiki ce. Abu Ratib kuwa sai ya miƙa wa masu sayen ƙarfe, wai shi ba zai kai wa matarsa ragowar wasu ba, sabuwa dal zai saya. Girman kai ke nan, rawanin tsiya! Haka aka yi ta tafiya, har likita ya ce hayaƙin nan ya cinye mata ƙirji, aka kwantar da ita.

Sannan idonsa ya buɗe. Ya canza tukunya a gidan wani attajiri, ya ɗora tsohuwar a mota ya kai gida. Ya fasa daɓe, ya shimfiɗa bututu, ya yi ta ɗauri da kwancewa. Da ya je duba ta a asibiti, hannunsa duk tsatsa, ya ce, "Za ki dawo ki tarar da ɗumi."

"Ragowar wasu?" ta ce, tana murmushi.

Ba ta dawo ba.

Ranar da aka fara zaman makoki ya kunna tukunyar, don mata a cikin gida suke zama, maza kuma a rumfar da aka kafa kan titi. Yana can waje, iska na kaɗa shi, yana miƙa wa mutane gahawa mai ɗaci. Sai ga ƙanwarsa ta leƙo, ta yaye mayafi tana fifita.

"Yaya, don Allah zo ka rage wutar nan. Mata sun ce zafi ya yi yawa."