Wada Ɗan Garuwa da Filin Tsere

Wada Zali ɗan garuwa ne a Hindawiyya, unguwarmu a Makka. Ya zo Makka ta Sudan, da ƙafa, da niyyar ya yi hajji ya koma gida. Hajjin dai ya yi. Kullum yana saɓe da sanda da garwa biyu, daga famfon unguwa zuwa gidajen mutane, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya yi gudu. Duk da haka, in ana maganar wasannin tsere a unguwarmu, sunansa ake fara ambata.

Wajen 1965 wasu 'yan kasuwa suka shirya gasar gudu da tsalle tsakanin unguwanni, suka ce duk unguwar da ke da fili ta nemi a yi a wajenta. Samarinmu haifaffun nan suka tashi haiƙan. Umda, wato mai unguwa, ya goya musu baya. Ya ce an daɗe ana sanin mu da shara da dako, ya kamata a zo mana baƙunci ko sau ɗaya. Fili kam muna da shi. Sai dai a gefensa akwai bukkokin kwano na waɗanda suka zauna bayan hajji ba takarda, har da ta mahaifiyata Hure. In aka ba mu gasar, za a rushe su a kafa rumfar manyan baƙi, askarawa kuma su zo tsaro da tambayoyinsu. Kowa ya san haka. Ba wanda ya faɗa, kada a ce ba ya son ci gaban unguwa.

Ranar da kwamiti zai zo duba filin, Umda ya sa Wada ya yayyafa ruwa, yadda ake yi a ƙofar gida in za a yi baƙi. Wada ya tara abokan sana'arsa, suka yi ta jigila tun da safe. Kafin hantsi filin ya zama taɓo, abin da ba a cika gani a Makka ba.

Mutanen kwamiti suka iso cikin fararen riguna. Na gaba ya taka, takalminsa ya ƙi biyo shi. Gasar aka ba wata unguwa.

"Ya Wada, yayyafi na ce, ba fadamar shinkafa ba," in ji Umda.

"Ranka ya daɗe, na ga manyan mutane ne, na ji kunyar in yi musu rowar ruwa."

Samari suka daɗe ba sa gaishe shi. Har ya rasu bai taɓa cewa da gangan ya yi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Matan bukkoki dai tun daga ranar ba sa sauke tukunya ba su zuba masa nasa ba, kuma a bukkar nan ta mahaifiyata na girma har na gama makaranta. Allah ya ji ƙansa.

Gasar kuwa an yi ta, ta kuma yi kyau. Masu takarda daga cikinmu sun je kallo, suka dawo suka ba sauran labari.