Oba-obar Ramin Dutse

Mai Tsakuwa, kamar yadda direbobin tifa suke kiransa, ya tashi maraya a hannun yayansa. Da guduma Yaya ya ciyar da shi, yana fasa dutse har tafin hannunsa ya yi kanta. Saboda haka, da ƙanen ya kai ƙarfin buɗe tasa ma'aikatar fasa dutse, sai ya damƙa wa Yaya shugabancin rami, inda ake haƙa ana ɗana nakiya.

Tsarin wurin shi ne, kafin a ta da nakiya, a busa usur daga bakin rami, kowa ya hayo sama. Wayar hannu ba ta aiki a can ƙasa. Wata safiya aka busa, kowa ya fito ban da Yaya. Saura ƙiris a kunna, wani direba ya hango hularsa a bayan dutse, ya kurma ihu. Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Mai Tsakuwa daɗi. Ya hana tayar da nakiya, ya ce sai ya samo oba-oba, rediyon nan ta hannu da ake magana da juna, wadda za ta kai murya har gindin rami.

Mai sayarwa ya zo da jaka cike, ya baje su a teburin ofis: ƙarama mai shiga aljihu, babba mai jure ƙura da ruwa, da wadda ake kafa wa dogon turke domin muryarta ta yi nisa. Mai Tsakuwa bai yarda da daɗin baki ba. Kowacce sai ya ba Yaya ya sauka da ita, shi kuma ya kira daga sama.

Kowacce kuwa Yaya ya dawo da ita yana tsaki.

"Auta, wannan bebiya ce. Ina ka samo wannan mutumin?"

"Maigida, wallahi wannan har daga bayan gari ana ji," in ji mai sayarwa, yana share gumi.

Ga tifofi sun yi layi babu tsakuwa, ga ma'aikata sun zuba masa ido. A kan babbar, sai Mai Tsakuwa ya miƙa wa mai sayarwa tasa, ya bi Yaya ƙasa da kansa. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, muryar mai sayarwa ta fito daga oba-obar da ke ƙirjin Yaya tangaram: "Kuna ji na?" Yaya bai ko motsa ba, yana ta duban dutsensa.

Mai Tsakuwa ya juya ya dube shi. Ya tuna yadda Yaya yake ƙura wa bakin mutum ido in ana masa magana, da yadda ya daina amsa sallama daga baya. Ashe shekarun nakiya sun cinye masa kunne. In ya faɗa, Yaya zai ajiye aiki don kunya, ya koma gida ya lalace. In ya yi shiru, rami zai ci shi.

Ya hayo, ya ja mai sayarwa gefe.

"Akwai wadda take motsi a jiki, ba sai an ji ba?"

Akwai: mai karkarwa, da fitila ja a kanta. Ita ya zaɓa, ga kowa da kowa, ya ce ƙarar inji ta yi yawa, daga yau doka ce a ɗaure ta a ƙirji, in ta girgiza a fito.

Ranar da aka koma aiki, ya tsaya a bakin rami ya danna. Ma'aikata suka yi ta hayowa. Babu Yaya. Ya ɗaga ƙafa zai sauka ke nan, sai ga hular ta ɓullo.

"Auta," in ji Yaya yana sosa ƙirji, "da girmana ka ɗaura mini abin cakulkuli?"

Mai Tsakuwa ya matso ta gabansa, inda zai ga bakinsa.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Dokar kamfani ce."