Malam Muniru Iddi, Mai Auna Kwamfuta da Agogo

Awudu Mahamudu na Bawku ya yi ha'inci. Ya sayar wa makarantar Islamiyya tsohuwar kwamfuta da sunan sabuwa, kuma da ya sha, ba don mijin yayarsa ba. Tarihin wannan mijin yaya ne za a bayar a nan.

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Muniru a shekarar 1948 a garin Salaga. Mahaifinsa Alhaji Iddi jikan fataken goro ne, yana fataucin doya, mahaifiyarsa kuwa Atikatu. Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha uku, ya yi firamare, daga nan bai ƙara zama a aji ba. Ya koyi gyaran rediyo a Tamale, ya koyi lissafin falaki a wurin wani malami a Salaga, sauran iliminsa kuwa daga littattafan gwanjo ya tsinto shi.

Aure da zaman Yendi

A 1976 ya auri Zalia Mahamudu, 'yar Bawku, suka zauna a Yendi inda ya buɗe shagon gyara. A 1987 wani ofishin aikin gona ya kawo kwamfuta mai aiki da janareta, ta lalace, aka rasa mai taɓa ta sai shi. Bayan ya gyara ta aka ba shi izinin zama gabanta duk ranar Asabar, har ya rubuta mata wani lissafi da ke fitar da lokutan salla biyar na Salaga na shekara guda cur. Ya danna agogon tsere, ta gama a minti goma sha huɗu. Ya rubuta a littafinsa.

Ma'auninsa

Daga ranar nan duk kwamfutar da ta shiga hannunsa sai ya sa mata faifan da wannan lissafin ke ciki, ya danna wannan agogon, bai taɓa canza ko layi ɗaya a lissafin ba, domin a ganinsa wanda ya canza mudu ba shi da bakin cewa ya auna. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan baƙin murabba'in da ke yin lissafin a ciki, tana da zamani bayan zamani, kuma littafinsa ya kama su duka. Mai lamba 286 ta gama a minti huɗu a 1989. Mai 386 ta gama a minti ɗaya da daƙiƙa hamsin a 1992. Mai 486 ta yi daƙiƙa talatin da biyar. Ba ya kallon kyan akwati, ba ya sauraron ɗan kasuwa. Masu saye daga Bimbilla har Saboba sukan ɗauko kwamfuta a mota su kawo masa kafin su amince.

Komawa Bawku da abin da ya faru a 1996

Bayan rikicin ƙabilanci da ya ɓarke a yankin a 1994 ya kwashe iyalinsa zuwa Bawku, suka sauka a gidan surukansa. Ƙanin matarsa Awudu yana shigo da kwamfutoci ta kan iyakar Paga, shi ne ma ya ba shi ɗakin da ya mayar shago. A watan Maris na 1996 kwamitin wata makarantar Islamiyya ya sayi kwamfuta a hannun Awudu a matsayin 486, don buga takardun jarrabawa. A gaban akwatin akwai ɗan gilashi mai jan haske yana nuna 66, mutane suka ɗauka saurinta ke nan, alhali lambar nan da hannu ake saita ta daga baya, ko 99 aka so za ta nuna. Kwamitin ya kira Malam Muniru ya auna a gaban jama'a. Ta gama a minti ɗaya da daƙiƙa hamsin.

Awudu ya yi dariya ya ce, "Haba mijin yaya, agogonka ne ya tsufa kamar mai shi. Ka tuna fa a gidan wa kake kwana."

Malam Muniru ya ce, "Na tuna, Awudu. Agogon ne bai san suruki ba."

Ya kwance akwatin, ya kankare takardar da aka manna a kan ƙwaƙwalwar, 386 ta fito ɓaro-ɓaro. A makon nan aka karɓe shagon, aka fitar da kayansa daga gidan. Zalia ta zauna wurin iyayenta wata huɗu, sannan ta ɗauki kayanta ta bi mijinta Salaga ba tare da an je biko ba.

Ƙarshen rayuwa

A Salaga ya ci gaba da gyara da awo. Layi na ƙarshe a littafinsa na wata Fentiyom ce, zamanin da ya biyo bayan 486, a 1998, daƙiƙa tara. Ya rasu ranar Talata, 9 ga Nuwamba 1999, bayan jinyar hanta, aka yi masa salla bayan la'asar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Zalia da 'ya'ya huɗu: Issah, Rafi'atu, Sahadatu da Sumaila. Littafin da agogon suna hannun Rafi'atu. Allah Ya jiƙansa.

Awudu kuwa, kwamitin ya mayar masa da kwamfutarsa, aka sanar da abin da ya yi a masallacin Juma'a. Bai sake sayar da kwamfuta ko ɗaya a Bawku ba.