Wanki Bakwai da Ƙasar Bayan Sito

Shekarar da ruwa ya ci gidanmu a gefen kogin Challawa, yarinyata tana da shekara huɗu. 'Yar fari ce, don haka ba na kama sunanta. Ruwan da hantsi ya shigo, babanta yana wajen aiki a majema. Na saɓa ta a wuya na ratsa ruwa iya ƙirji, tana kallon tukwanenmu da akuyarmu suna wucewa. Tun ranar ta daina magana. Yarinyar da surutunta ke hana ni jin rediyo, sai ta koma nuni da yatsa. Abinci ma sai na yi da gaske take cin loma biyu.

Aka kwashe mu zuwa wani tsohon sito na kamfanin saƙa da ya daɗe a rufe a Sharaɗa. Mata da yara a ciki, kowacce ta kewaye gurinta da zani, maza kuma a rumfar waje. Ƙasan siminti ne, har da ramukan da aka cire injuna. Ni dai ido ɗaya a kan ƙullin kayanmu, ɗaya a kan bakin yarinyar.

Muna da kwana tara a gurin wata mata ta zo da kare. Aka ce likitar dabbobi ce. Da hijabinta da Hausarta tsaf, amma riƙe da igiyar kare, karen kuma har da 'yar riga a jikinsa. Karnukan da na sani su ne na bakin ƙofar kamfanoni, waɗanda in na kai wa maigida abinci sai sun yi kamar su tsinke sarƙa. Wannan ko haushi ba ya yi. Ya samu guri ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. Shirun nan nasa shi ya fi tayar min da hankali.

Mata suka fara ƙus-ƙus. Wata ta ce sunsuna yake yi, a gano waɗanda ruwa bai ci gidansu ba, suka shigo don shinkafa. Wata ta ce hoto za a ɗauke mu da shi a kai waje. Na kasa haƙuri, na je na tsaya daga nesa.

"Likita, me yake nema?"

"Ba ya neman komai. Aikinsa zama ne."

"Zama aiki ne?"

"Wajen wanda ya firgita, aiki ne. Yaro zai iya sakin jiki da shi tun kafin ya saki jiki da mutum."

Na ce to. A raina kuwa na ce ba a banza ake ciyar da kare har ya yi wannan sheƙin ba.

Muna cikin haka yarinyar ta zame daga bayana. Kafin in miƙa hannu ta isa gurinsa, ta tsoma yatsunta cikin gashin wuyansa. Ya ɗago ya lashi bayan hannunta sau ɗaya. Na fizgo ta.

Akwai wata tsohuwa da tabarmarta ke kusa da tamu, Iya muke ce mata. Ta ce, "Ke 'yar nan, kar ki bari ta taɓa sallayarki. Hannun da kare ya lasa sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. In ba haka ba sallarki duk ta tashi a banza."

Ƙasa kuma a ina? Ciki siminti, tsakar gida kwalta. Na zaga bayan siton, kusa da wasu tsofaffin duro da suka yi tsatsa, na samu ƙasa mai laushi kamar gari, launinta ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Har na ji daɗi, na ce wannan ba za ta kankare mata fata ba. Na cika gwangwani. Iya ta ce ɗaya da ƙasa, ni kuwa don hankalina ya kwanta duk bakwai ɗin na sa mata, ina murzawa har tsakanin yatsu.

Likitar ta riƙa zuwa bayan kwana bibbiyu. Duk yadda na tsare yarinyar, da ta ji ƙarar motar sai ta kama bakin zanina tana ja. Na lura ranar da karen ya zo takan cinye tuwonta. Na lura, amma ban yarda na faɗa wa kowa ba. Da sun tafi sai in ɗauko gwangwanina.

A zuwa na huɗu hannuwan suka yi ja. Washegari suka fara saɓa, tsakanin yatsu ya tsattsage, tana ɓoye su a hammata. Ban yi shawara da kowa ba. Likitar na shigowa na ja yarinyar har gabanta, na buɗe mata tafukan a gaban mutane.

"Ga abin da karenku ya yi."

Ta durƙusa ta duba da kyau. Ta ce, "Wannan ba na kare ba ne, ya fi kama da ƙuna. Me take taɓawa? Mu je wajen nas ta gani."

"Dama haka za ki ce."

Mata suka taso, kowacce na duba hannun nata ɗan. Mai kula da sansanin ya ce don zaman lafiya a daina kawo karen. Likitar ba ta yi musu ba, ta naɗe igiyarta. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce in dai kai yarinyar wajen nas.

Kwana uku yarinyar tana zaune tana kallon ƙofa. Ko koko ta ƙi sha. Ni kuwa na ci gaba da wanke mata hannu, wai ko sauran yawun ne bai gama fita ba.

Babanta a lokacin aiki ya yi musu yawa, wasu ranakun a majemar yake kwana. Ranar Juma'a ya zo. Ya ɗauke ta, ya juya hannunta, ya daɗe yana kallo. Sai ya buɗe nasa tafukan kusa da nata. Nasa sun daɗe da yin kanta, amma tsagar iri ɗaya ce, a guri ɗaya.

"Wannan cin sinadari ne. Me take wasa da shi?"

Na ce ba ta wasa da komai. Sai idona ya faɗa kan gwangwanin. Na kai babanta bayan siton. Ya tsuguna, ya tona ƙasar da tsinke, ya sunsuna, ya kalli duron nan.

"Nan 'yan kamfanin suke zubar da ruwan rini a da. Mu da safar hannu ma yake cinmu. Sau nawa kike sa mata?"

"Bakwai."

"Kullum?"

Na gyaɗa kai. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ya tafi da yarinyar wajen nas, aka wanke aka shafa magani aka naɗe. A hanyar dawowa ya tsaya wajen dattijon da ke jan salla a rumfa, ni ina raɓe daga baya. Malam ya ce, "A karatun da muka yi, ƙwarya ake wankewa sau bakwai in kare ya sa baki a ciki. Hannun yaro ruwa ya ishe shi, 'yata." Da na faɗa wa Iya sai ta taɓe baki ta ce, "Malaman zamani." Malam ɗin kuwa ya girme ta nesa ba kusa ba.

Hannu ya kama hanyar warkewa, amma cin abinci bai dawo ba. Wuyanta ya yi siriri, har ina ƙirga haƙarƙarinta in ina mata wanka. Na ɗaure fuska na je wajen mai kula da sansanin. Ya ce, "Ke kika kore shi, ke za ki kira shi." Ya danna waya ya miƙo min.

"Likita, ni ce uwar yarinyar nan. Ƙasa ce. Ni na yi mata."

Ta ce, "Ya hannun nata?" Ba ta ƙara komai a kan maganar ba.

Mata ba su yarda karen ya sake shiga ciki ba, don haka a waje aka haɗu, ƙarƙashin wata darbejiya a bakin ƙofa. Yarinyar ta tafi da hannuwanta a naɗe, ta rasa yadda za ta shafa shi, sai ta kwantar da kanta a kan cikinsa. Ni ina tsaye daga nesa. A gaban mutane ba na iya rungumar 'yar fari, haka aka raine mu. Shi kuwa ba ruwansa da kunyar kowa.

An daɗe a haka. Sai na ga bakinta yana motsi. Na matsa a hankali. Muryar ta dishe kamar ta tsohuwa, amma na ji ta sarai.

"Akuyarmu ta tafi a ruwa. Tana kuka."

Kare take faɗa wa. Kwana ashirin da wani abu ina gefenta, ina lallashi ina roƙo, ba ta ce min uffan ba. Na ji daɗi, na kuma ji wani abu mai ɗaci da har yau ban san sunansa ba.

Da za su tafi na sake tambayar likitar me suke samu a wannan aikin. Ta yi dariya ta ce, "Har yanzu?" Na ce har yanzu. Gaskiyata na faɗa. Ban taɓa karen ba ko sau ɗaya, kuma duk zuwan da ya yi bayan nan idona na kan bakinsa.

Da la'asar ɗin ranar na goge wa yarinyar fuska da wuya da ruwan famfo da sabulu, sau ɗaya. Iya na kallona, na kawar da kai. Na ba ta tuwo a baki saboda hannun. Ta cinye, ta kalli tukunya, ta kalle ni, ta ce, "A ƙara."