Safarjal ba ya nuna a buhu

Shekarun baya likita ya ja ni gefe ya ce mahaifiyata ba za ta wuce wata guda ba. Ciwon daji ne a ciki, ya riga ya yi nisa. Ya ce mu kai ta gida, abin da ya rage mana shi ne mu samu abin da zai zauna mata a ciki. Muka gwada koko, ya dawo. Muka gwada romon kaza, ya dawo. Shayi ma sai ta kurɓa sau biyu ta nemi roba. Mun riga mun sallama maganar warkewa, so muke kawai kada yunwa ta riga ciwon.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi wa ƙanwata zancen safarjal. Ta ce ɗan itace ne na ƙasashen Turkawa da Larabawa, yana kwantar da tashin zuciya da ƙwannafi, yana gyara hanji, ga bitamin C. Ta ce ba magani ba ne, amma cikin da ya ƙi komai yakan karɓe shi. Na sa abokina direba ya nemo a Abuja, wajen masu sayar wa baƙi kayan marmari. Ya biyo ta Kagarko ya kawo mini guda shida.

Sana'ata ke nan, kayan marmari. Da tire na fara a tashar Kafanchan, har na kai ina loda mota da ayaba da fiya da mangwaro. In na ɗauki ɗan itace na matsa da babban yatsa, zan faɗa maka ranar da zai nuna, kuma ba na kuskure. Na ɗauki safarjal, rawaya ne, ya ɗara lemo girma, ga ƙamshi. Na matsa, kamar dutse. Na yanka ɗaya da ƙyar na ɗanɗana, bauri ya kama mini harshe har sai da na tofar. Nan take na yanke hukunci: ɗanye aka tsinko shi. Na zuba sauran biyar a buhu tare da nunanniyar ayaba, na ɗaure, na ajiye a lungun ɗakin mahaifiyata saboda ya fi ɗumi.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ko mu duba a waya yadda ake cin sa?"

Na ce, "Waya ce za ta koya mini ɗan itace? Ni ake tambaya a kasuwar nan."

Ta ajiye wayar, don ni ne babba.

Ƙamshin ya cika ɗakin. Matar da ƙamshin miya ke sa ta amai, wannan kam ta so shi. Kullum da safe in na kwance buhun ina matsawa, sai ta juyo da kai.

"Ɗan nan, yanko mini ko kaɗan ne."

"Inna, ɗanye ne. Zai ƙara ɓata miki ciki. Kwana biyu kawai."

Na faɗi kwana biyun nan sau huɗu. Ayabar ta ruɓe na canza wata. Ranar ƙarshe da na faɗa, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To. Allah ya sa ya riga ni."

A rana ta goma na ɗauki ɗaya na tafi da shi rumfa, niyyata in kira wanda ya sayar in zage shi. Sai ga wata tsohuwar kwastomata, 'yar Kagoro, wadda ta yi shekaru tana dafa abinci a gidan wasu Turkawa a Abuja. Ta gan shi a kan tebur ta ɗauka ta shinshina.

"Alhaji, ka fara sayar da abin masu kuɗi?"

Na faɗa mata komai, har da buhun da ayabar. Ta fara dariya, da ta ga fuskata ta daina.

"Wannan ya nuna tun tuni. Haka yake, ko ka ajiye shi har Kirsimeti ba zai yi laushi ba. Dafa shi ake yi. Mama bai ci komai ba duk kwanakin nan?"

Na ce ruwa kawai, da ƙyar.

Ta ajiye kwandonta a rumfata ta ce mu je. A madafarmu ta fere shi, ta cire tsakiyar da 'ya'yan, ta ce waɗannan ba a ci. Ta yayyanka ta ɗora a wuta kaɗan kaɗan. Farin naman ya yi laushi, ya koma ja-ja. Ta murƙushe ta zuba zuma. Duka aikin bai kai daga Azahar zuwa La'asar ba.

Ƙanwata ta ɗaga Inna ta jingina ta a jikinta, ni na riƙe cokali. Ta ci huɗu. Muka zauna da roba a hannu muna jira, bai dawo ba. Ta lashe leɓe ta ce, "Ashe ya nuna." Washegari ta ci rabin kofi, har ta tambayi jikokinta. Kwana na uku da hantsi ta rasu.

Ba na yaudarar kaina, safarjal ba zai ƙara mata ko yini ɗaya ba, likita ya riga ya faɗa. Ƙanwata ba ta taɓa tayar da zancen ba, kuma shirun nata ya fi mini zafi a kan faɗa. Sai dai ni ɗan kasuwa ne, ban iya rufe ido a kan asara ba. Abin da na sani a kan ayaba gaskiya ne, laifina shi ne na ɗauka ya isa ga abin da ban taɓa gani ba, na kuma hana a tambaya. Yanzu in baƙon kaya ya zo hannuna, ko yaro ne ya san shi, zama nake in saurara.

Kwana goma sha ɗaya safarjal ya yi a gidana tana da rai. Ta ci a biyu. Sauran taran ni na hana ta.